Tsakanin ɗumi da tafasa: Tarihin Louis Pasteur da darasinsa ga tankunan ruwanmu

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Mun saba jawo wannan karin magana ne idan muna zargin akwai lauje cikin naɗi a wani al'amari, amma idan aka ɗauke shi a kan ma'anarsa ta zahiri, za a tarar an yi wani mutum a ƙasar Faransa da ya shafe kusan shekara 40 yana tabbatar da gaskiyarsa, yana neman abin da ke sa nono ya yi tsami, romo ya lalace, ciwo ya ruɓe, da kuma yawan zafin da ake buƙata kafin a hallaka wannan abin. Sunan mutumin Louis Pasteur. Na ga dacewar mu waiwayi tarihinsa ne saboda yadda tankunan ruwa suka cika saman gidaje da otal-otal da asibitoci da makarantun kwana a Gusau, Tsafe da Bungudu, suna shan rana tun daga hantsi har la'asar, ga kuma da yawa daga cikinmu na ɗaukar cewa duk ruwan da ya ji zafi ya tsarkaka.

An haifi Pasteur ranar 27 ga Disamba, 1822, a garin Dole da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa, Jean-Joseph, majemi ne, kuma tsohon saje a rundunar Napoleon. Yana yaro iyayensa suka koma garin Arbois, inda ya tashi cikin warin jima. Babu wanda ya hango masa shahara a kimiyya a lokacin, domin bai fi sa'o'insa ƙoƙari a aji ba, abin da aka fi saninsa da shi shi ne iya zanen fuskokin mutane. Ko a jarrabawar da ya zauna a birnin Dijon a 1842, sakamakonsa a kemistiri bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ya samu shiga babbar makarantar horar da malamai ta Faris, ya kammala digirin dakta a 1847, sannan a 1848 ya ja hankalin manyan masana da wani bincike kan surar ƙanƙarar wani sinadari, inda ya nuna cewa tana fitowa iri biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu. A 1849 ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar Strasbourg inda yake koyarwa, wadda ta zama mai rubuta masa bayanan aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

A 1854 aka naɗa shi shugaban tsangayar kimiyya a Lille, garin masana'antu a arewacin ƙasar. Bayan shekara 2 wani mai masana'anta, Bigo, da ke tatsar barasa daga wani nau'in saiwa mai zaƙi da Turawa ke yin sukari da ita, ya kawo masa kukan cewa wasu randunansa na yin tsami ba tare da an san dalili ba. Da Pasteur ya ɗiga ruwan a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, sai ya ga lafiyayyun randunan cike suke da ƙwayoyin yis masu siffar ƙwai, waɗanda suka lalace kuwa wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu siffar sanda suka mamaye su. A 1857 ya wallafa bayanin cewa tsamin nono aikin wasu halittu ne masu rai, waɗanda ke ci suna hayayyafa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda Bafulatana ke dafa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan tsohon kindirmo a ciki ta rufe zuwa safiya, ya ga wannan ilimi a aikace: wuta ta kashe baƙin ƙwayoyi, ɗumi kuma ya raya waɗanda ake so.

Tambayar da ta biyo baya ita ce daga ina waɗannan halittu suke zuwa. Masana da dama a wancan zamani, ciki har da Félix Pouchet na birnin Rouen wanda ya wallafa littafi a kan batun a 1859, sun yi imanin cewa suna tsirowa ne da kansu daga ruɓaɓɓen abu. Pasteur ya sa aka ƙera masa kwalabe masu dogon wuya lanƙwasasshe kamar na zalɓe, ya zuba romo a ciki ya tafasa, ya bar bakin a buɗe. Iska na shiga, amma ƙura na maƙalewa a lanƙwasar, romon kuwa ya zauna garau wata da watanni. Da zarar an karya wuyan, cikin 'yan kwanaki sai ya gurɓace. A 1860 ya ɗauki wasu kwalaben ya buɗe su a wurare daban-daban: daga cikin 20 da ya buɗe a karkarar Arbois 8 suka lalace, daga cikin 20 da ya buɗe a kan tsaunin ƙanƙara kusa da Chamonix, inda iska ba ta da ƙura, guda 1 tak ta lalace. Wannan aiki ya sa Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta ba shi kyauta a 1862.

A cikin waɗannan gwaje-gwaje ne ya ci karo da wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ruwan sukari da yis, idan ya tafasa shi a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, yakan zauna lafiya. Madara kuwa, ko ya tafasa ta haka, takan lalace bayan kwanaki, sai da ya kai ta digiri 110 sannan ta tsira. Ke nan tun a lokacin ya fara bayyana cewa ƙwayoyin nan ba su da juriya iri ɗaya, kuma abin da suke zaune a ciki yana iya ba su kariya daga wuta.

Ana cikin haka jarrabawar rayuwa ba ta bar gidansa ba. Daga cikin 'ya'yansa 5, uku sun rasu suna ƙanana. Jeanne ta rasu a 1859 tana shekara 9, Cécile kuma a 1866 tana shekara 12, dukansu da zazzaɓin taifot, cutar da a yau kowa ya san tana bin gurɓataccen ruwa da abinci, amma a lokacin babu wanda ya taɓa ganin ƙwayarta, domin sai a 1880 Bajamushe Karl Eberth ya gano ta. Ƙaramarsu, Camille, ta rasu a 1865 tana shekara 2. Shi kansa a watan Oktoba na 1868 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki na hagu yana ɗan shekara 45, kuma bai sake komawa daidai ba. Mafi yawan ayyukan da suka ɗaukaka sunansa a fagen likitanci ya yi su ne yana jan ƙafa, almajiransa na riƙe masa kayan aiki.

A 1865 ya yi rajistar wata dabara da ta sa sunansa ya shiga kowane kanti a duniya. Masu sana'ar giyar inabi a Faransa na tafka asara saboda hajarsu na lalacewa a hanya, sai ya nuna musu cewa ɗumama ta zuwa tsakanin digiri 50 da 60 na ɗan lokaci yana kashe ƙwayoyin da ke ɓata ta. Daga baya aka ɗauko dabarar zuwa ga madara, inda Franz von Soxhlet na Jamus ya yi kira da a riƙa yi wa madarar jarirai haka a 1886. Kalmar da ake rubutawa a jikin kwalin madara da robar yogot don nuna an yi musu wannan aiki daga sunan Pasteur aka ƙirƙiro ta. Ƙa'idar da ake bi a yau ita ce digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na tsawon daƙiƙa 15. A lura da yadda abubuwa biyu suke tafiya tare a nan, wato yawan zafi da tsawon lokaci. Idan ɗaya ya ragu dole ɗayan ya ƙaru, idan kuwa zafin ya sauka ƙasa da wani mizani, to tsawon lokaci ba ya amfanar kowa sai ƙwayar cutar.

Pouchet bai sallama ba, kuma abin mamaki, akwai ƙanshin gaskiya a abin da idonsa ya gani, ko da yake fassarar da ya yi masa kuskure ce. Shi da jiƙon busasshiyar ciyawa yake gwajinsa, kuma ko ya tafasa ya rufe, halittu sukan bayyana. Sai a 1876 Ferdinand Cohn na birnin Breslau, wanda a yau yake cikin Poland da sunan Wrocław, ya warware ƙullin. Ya gano cewa ƙwayar da ke jikin ciyawa, idan ta shiga matsi, takan dunƙule ta lulluɓe kanta da ƙwanso mai tauri ta yi kwance, kamar yadda gaiwa ke binne kanta a busasshen laka ta jira damina. A cikin wannan hali tafasa ba ta yi mata komai. A 1877 John Tyndall ya tabbatar a Landan cewa irin waɗannan dunƙulallun ƙwayoyi na iya jure tafasa ta sa'o'i, ya kuma fito da dabarar a tafasa, a bari su farka, a sake tafasawa.

A daidai wannan lokaci wani likita a Landan, Henry Charlton Bastian, ya ƙalubalanci Pasteur da wani gwaji makamancin na Pouchet. Takaddamar ta tilasta wa Pasteur da abokan aikinsa, Jules Joubert da Charles Chamberland, su binciki ruwan da suke aiki da shi. Suka tarar ruwan kogin Seine maƙil yake da ƙwayoyi, har ruwan da aka tace ta hanyar tururi a ɗakin gwaji yana ɗauke da su saboda kwanukan da ake zuba shi, amma ruwan da ya ɓuɓɓugo daga can ƙarƙashin ƙasa babu su. Wannan ya nuna cewa ruwa kan fito da tsarkinsa, mazubi da hanyar da ya bi su ɓata shi. A watan Afrilu na 1878 Pasteur ya tsaya gaban likitocin Faris ya shawarci masu fiɗa da kada su taɓa rauni sai da ruwan da aka kai digiri 110 zuwa 120, da bandejin da aka gasa. A 1879 Chamberland ya ƙera tukunyar tururi mai matsi, kakar wadda ake dafa kayan tiyata da ita a asibitocinmu a digiri 121 na aƙalla minti 15, a 1884 kuma ya fito da matatar ruwa ta tangaran.

Sauran tarihinsa sananne ne. A watan Mayu na 1881, a ƙauyen Pouilly-le-Fort, ya yi gwajin rigakafin cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a bainar jama'a: tumakin da aka yi wa allura suka rayu, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza, aka yi masa allura 13, ya rayu. Da gudunmawar jama'a daga ƙasashe da dama aka gina Cibiyar Pasteur, aka buɗe ta a Faris ranar 14 ga Nuwamba, 1888. Reshenta na Dakar yana cikin 'yan tsirarun wuraren da ke sarrafa rigakafin shawara a duniya. Sai dai ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Mutum ne mai zafin jayayya da son a ce shi ne na farko, kuma da masanin tarihi Gerald Geison ya nazarci littattafan ajiyar bayanansa, ya bayyana a 1995 cewa rigakafin da aka yi amfani da shi a Pouilly-le-Fort an haɗa shi ne ta wata hanya dabam da wadda Pasteur ya bari jama'a suka ɗauka. Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, a wajen Faris, yana ɗan shekara 72, kabarinsa na cikin cibiyar da ke ɗauke da sunansa.

Shekara 81 bayan rasuwarsa darasin ma'aunin zafi ya sake bayyana ta wata fuska, a cikin bututan gini. A watan Yuli na 1976 ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka ta yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford da ke birnin Filadelfiya. Bayan an watse, wani matsanancin ciwon huhu ya kama mutum 182, 29 suka mutu. A watan Janairu na 1977 Joseph McDade na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano ƙwayar, aka raɗa mata suna Lijiyonela daga sunan ƙungiyar. Tana rayuwa a koguna da tafkuna ba tare da ta dami kowa ba, sai ta shiga tanki da bututu take zama masifa. Tana hayayyafa tsakanin digiri 20 da 45, ta fi jin daɗi a wajen digiri 35. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, a digiri 50 sai an yi fiye da sa'a guda kafin kashi 90 cikin 100 su mutu, a digiri 60 minti 2 ya isa, a digiri 70 kuwa nan take take mutuwa. Ba ta yin ƙwanso irin na ƙwayar ciyawa. Garkuwarta ita ce yauƙin dauɗar nan mai santsi da ke manne a cikin tanki da bututu, da tsatsa, da wata halitta mai suna amiba wadda take shiga cikinta ta ɓuya daga zafi da sinadarin kulorin. Ana kamuwa da ita ne ta shaƙar feshin ruwa, kamar na shawa ko na manyan na'urorin sanyaya gini masu aiki da ruwa. Ta fi yi wa waɗanda suka haura shekara 50 illa, da masu shan taba, da masu ciwon suga, ƙoda ko huhu. Kimanin 1 cikin 10 na waɗanda ta kama kan mutu, idan kuma a asibiti aka ɗauke ta, 1 cikin 4.

To, mu dawo gida. A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a Gusau yakan haura digiri 40. Ƙarancin ruwan famfo ya sa duk mai hali ya haƙa burtsatse ko ya dogara da 'yan ga-ruwa, ya ɗora baƙin tankin roba a sama. Ruwan cikinsa yakan yi ɗumi da rana, ya huce da dare, wato ya wuni ya kwana a cikin mizanin da ƙwayoyi suka fi so, ba ya kuma taɓa kaiwa inda za su mutu. Hitar banɗaki ma, da rashin tsayayyar wutar lantarki, sau da yawa ɗumama ruwan kawai take yi a ɗauke wuta. Ga ɗakunan otal da ke yin makonni babu baƙo, ga ɗakunan kwanan ɗalibai da ake rufewa lokacin dogon hutu, balle irin yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ɗauki wata 8, ruwa na kwance a bututu. Duk sharuɗɗan da masana suka lissafa sun haɗu. Wani abin lura ga likitocinmu shi ne gano wannan cuta na buƙatar gwaji na musamman, kamar na fitsari, kuma magungunan dangin fenisilin da aka saba bai wa mai namoniya ba sa yi mata aiki.

Harshenmu ma yana da hannu a ruɗanin. Muna da sanyi, ɗumi, zafi da tafasa, har mu ƙara da cewa zafi zau ko sanyi ƙalau, amma ma'aunin duka fatar hannu ce. Ruwan da hannu zai iya jurewa a yi wanka da shi bai kai ya kashe komai ba. Saboda haka wanzamin da ya tsoma aska a ruwan zafi, ko ungozomar da ta ɗauraye reza da shi, ba su kawar da ƙwayar tetanos mai sarƙe haƙora ba, domin tana cikin masu yin ƙwanso. Sabuwar reza a kowane aiki ita ce mafita.

Kada kuma wani ya fahimci cewa dafa ruwan sha ɓata itace ne. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa yin ƙwanso, ruwa ya tafasa sosai na minti guda sun gama yawo. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Zamfara na cikin jihohi 4 da abin ya fi shafa, tare da Bauchi, Jigawa da Kano. A garuruwan da 'yan gudun hijira suka ƙara wa cunkoso, tafasa ruwa da adana shi a rufaffen mazubi mai tsafta, wanda ba a tsoma moɗa da hannu a ciki, shi ne rigakafi mafi araha.

Kirana ga injiniyoyi, shugabannin asibitoci, masu otal da hukumomin makarantu shi ne su mayar da kula da tanki aikin da ke da mai shi da kuma littafin rajista. A yi wa tanki rumfa da murfi mai kyau, a zubar da ruwansa a wanke shi a zuba kulorin lokaci-lokaci. A buɗe famfunan da ba a amfani da su aƙalla sau ɗaya a mako su zuba na wasu mintoci, a kwance kan shawa a kankare shi duk bayan wata 3, a cire guntayen bututan da aka toshe bakinsu aka bari da ruwa a ciki. Inda ake tara ruwan zafi, a riƙe shi a digiri 60 ya iso famfo bai gaza 50 ba, tare da surka shi a bakin famfo don kada ya ƙona yara da tsofaffi. Ma'aunin zafi da za a riƙa dubawa da shi bai kai kuɗin man janareta na kwana guda ba. Ya kuma kamata hukumomin da ke ba da izinin gini da jami'an duba-gari su sa tsarin ruwa cikin abubuwan da suke bincika a manyan gine-gine, sassan nazarin ƙananan halittu na manyan makarantunmu kuma su tura ɗalibai su ɗebo ruwan tankunan Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru su auna, domin mu samu alƙaluman da suka fito daga ƙasarmu da yanayinmu.

Ɗan majemin Arbois ya binne 'ya'ya biyu saboda cutar da tukunya da itace za su iya tarewa, a zamanin da ilimin bai bayyana ba. Mu ilimin ya iso mu, har da alƙalumansa, abin da ya rage shi ne aiki da shi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon wadata jama'a da tsaftataccen ruwa, Ya kuma kare mu daga cututtukan da ido ba ya gani, amin.